In Ba Ƙira, Me Ya Ci Gawayi?

Labari ya riga ni isowa gida. Tun ban sauka a tashar Mafara ba aka baza cewa an gan ni a Dakko ta ƙasar Bakura, na kwana a rumfar maƙera, na dawo da huda uku a gaban riga da ɗan yatsa naɗe da tsumma. Ba zan musa ba, in ba ƙira me ya ci gawayi? Na je. Asabar da Lahadi cur na yi ina kallon ƙarti suna jibgar ƙarfe, kuma in an sake kira da ni za a share rumfa. Ku da kuka yi ta ƙyaƙyata dariya a majalisa, da masu bugo waya suna tambayar ko lafiyata ƙalau, sai ku gyara zama. Ɗaya bayan ɗaya zan bi ku.

Ku fara sani, taron babu kati, babu babban baƙo mai jawabi, babu ruwan roba a kan tebur. Wani dattijon maƙeri ne ya yi wa ɗansa aure, abokan sana'a suka zo taya shi murna, wasu daga Mafara, wasu daga Rini da Birnin Tudu, wasu tun daga Maradun. Layya kuma ta matso, shi ya sa kowa ya ɗauro wuƙaƙensa cikin buhun shinkafa ya aza a bayan babur. Maƙera biyar kuwa ba sa zama inuwa ɗaya a rasa mai cewa tasa ta fi ci. Kafin liman ya iso wurin ɗaurin aure har an hura wuta.

Bari in fara da kai, Yallaɓai ɗan boko, mai tabarau a karan hanci. Kai ne ka ce mutum da karatunsa ya rasa inda zai kai hutunsa sai gindin zugazugi. To ni ma na san abin da kake kallo da dare in an kawo wuta. Shirin nan ne na Amurka, Forged in Fire, da aka fara a 2015, wanda ake tara maƙera huɗu a ba su ƙarfe su yi ta zuba gumi, wanda ya ci ya tafi da dala 10,000. Kana kishingiɗe kana cewa, "Kai, Turawa sun iya abu!" A birnin Atlanta duk watan Yuni kwana uku ake yi, Juma'a zuwa Lahadi, ana baje kolin wuƙaƙe a taron da suke kira Blade Show. Mutane na biyan kuɗin jirgi da na masauki don su taɓa kaifi, su gaisa da wanda ya yi shi. Da yawa daga masu ƙirar ma ba su gaji masaba ba, suna da aikinsu na ofis, ranar hutu ce suke hura wuta a garejin gida. Japanawa na yin nasu a garin Seki cikin watan Oktoba. Da a can aka ɗauko hotona ina sanye da rigar sanyi, da tuni ka nuna wa iyalinka ka ce abokinka ya ci gaba. Da yake Dakko ce, ana zuwa a dawo kan babur, sai na zama abin tausayi.

Har ƙungiya gare su, ta maƙeran wuƙa na Amurka, wadda wani maƙeri mai suna Bill Moran da abokansa suka kafa a 1976. Kafin su yarda mutum ya iya, sai wuƙarsa ta ci jarrabawa huɗu a jere. A rataye igiya mai kaurin inci ɗaya tana reto, ya datse ta da sara ɗaya. Ya sassare katako har ya rabu biyu, ya sake. Bai koma kan dutsen washi ba, ya aske gashin hannunsa da ita. Daga nan a matse tsininta a tanƙwara ta har ta yi kusurwa irin ta bangon ɗaki, kuma kada ta karye. Da hannunsa mutum yake nakasa wuƙar da ya sha wuya a kanta, don dai a kira shi gwani.

To albishirinka, Yallaɓai, alƙalinmu na Dakko ya fi nasu rashin sani da sabo, domin mahauci ne. Shi aka kira ya gyara naman biki, sai maƙera suka jere masa wuƙaƙe a kan tabarma. Ba ya tambayar ta wane ce. Ya ɗauka, ya aza bakin a farcen babban yatsa, ya ɗan ja, ya ji ko ta kama ko ta sulluɓe. Ya share gashin damtsensa da ita. Ya kai wa ƙashin ƙafar rago sara biyu. Sannan ya ɗaga bakin yana fuskantar rana, ya runtse ido ɗaya yana bin sa daga gindi zuwa tsini. Duk inda ya ga ƙyalli, kaifi ya kwanta a wurin ke nan, don baki mai kaifi ba ya mayar da haske. Wata ya ajiye ta gefe ya ce, "Wagga a kai ma amarya, ta yanka kuɓewa." Rumfa ta ɗauki shewa, mai wuƙar ya shiga sosa ƙeya yana ɗora wa gawayi laifi. Wata kuwa ya daɗe yana juya ta, ya ce, "Wagga ta sha ruwa daidai," ya soke ta a ɗamararsa ya ce a faɗi kuɗi.

Sai ke, Hajiya, mai saitin wuƙaƙe shida cikin kwali, tsarabar Dubai. Kin ce tamu baƙa ce, tana tsatsa, tana sa albasa ta yi duhu. Ban musa miki ba. Amma ki faɗa mini tsakaninki da Allah, ranar da aka kawo miki kan sa da ƙafafu, wace wuƙa kika aika a ɗauko? Saitin nan na san inda yake, yana cikin kabet tare da tangaran ɗin da ba a taɓa cin abinci a ciki ba.

Don kada ki ce son kai na yi, irin taki na tafi da ita a jaka. A kanti na saye ta, fara sol, mutum na ganin fuskarsa a jiki. Na miƙa wa uban ango da hannu biyu. Ya juya ta gaba da baya, ya ƙyasta ta da farce ya kai kunne, ya ce, "Malam, nawa kas sayi madubin ga?" Ya jawo magagari ya goga a bakinta sau ɗaya, ya ci ta kamar sabulu. Ya goga a tasa, magagarin ya zame yana wata siririyar ƙara kamar an ja ƙusa a kan gilashi. Ya miƙo mini kayata ya ce, "Taka ba ta sha ruwa ba." Akwai farin ƙarfe na kirki a duniya, Hajiya, sai dai ba shi ake zubawa shida a kwali kan kuɗin kaza ba.

Wannan shan ruwan da suke ta ambata shi ya zaunar da ni kwana biyu. Kakannin mutanen nan tama suke haƙowa su narka da kansu. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙaura Namoda a 1929, motoci suka biyo baya, sai tsohon ƙarfe ya yawaita, narkar da tama ta yi ta ja da baya har aka bar ta. Yau abin da maƙerin wuƙa ke farauta a wurin 'yan gwangwan shi ne tsohon sifirin mota. Sinadarin kabon da ke cikinsa bai kai kashi 1 cikin 100 ba, amma wannan ɗan kaɗan ɗin shi ke sa ƙarfe ya karɓi tauri. Rodin gini ba shi da tabbas, yau ya yi, gobe ya ba ka kunya a gaban mahauci. Gawayin kuma na ƙirya suka fi so, don yana da nauyi, wutarsa na daɗewa.

Duka da miƙarwa da fitar da siffa, duk da rana aka yi su, yaro na juya fankar da aka haɗa da wilin keke. Da aka zo ban ruwa sai dattijon ya ce a dakata sai rana ta faɗi, kuma a kawar da fankar a kawo masa zugazuginsa na fatar akuya. Da hasken rana ido ba ya gane launin ƙarfe, ka ɗauka bai yi ba alhali ya wuce. Bayan magariba aka zagaye wutar, hira ta mutu. Ya riƙe wuƙar da awartaki yana kai ta yana dawo da ita cikin garwashi, ja yana hawa daga tsini zuwa gindi. Can ya fizgo ta, ya tsoma bakin kawai cikin wani tsohon galan na baƙin mai, ya bar gadon bayan a waje. Wuta ta tashi fuu, hayaƙi ya turnuƙe, masu tari suka yi ta yi. Na tambayi dalilin mai, alhali sunan aikin ban ruwa. Aka ce sifirin mota ba ya son ruwan sanyi, in ka tsoma shi sai ka ji ƙas, aikin yini ya tsage.

A nan wuƙa ta yi tauri, amma taurin gilashi ne, in ta faɗi ƙasa tana iya karyewa. Sai ya goge gefenta da dutse har ya yi haske, ya aza gadon bayan a kan garwashi, yana kallon launi na tafiya zuwa baki da tocila a hannun jikansa. Da ya yi ruwan busasshen karan dawa sai ya ɗauke. Masu aunawa sun ce wajen digiri 200 ke nan. In ka yi sakaci ya kai shuɗi, ka mayar da shi sifirin da ya fito, sai dai a sake sabon lale. Baki mai tauri da baya mai laushi, Yallaɓai, ita ce dabarar da mutanen Amurka ke bi wuƙarsu ta tanƙwaru ba ta karye ba. Wani maƙeri da ya zo daga Maradun, wanda ya saba nutsa wuƙa gaba ɗaya, ya tsuguna yana kallo bai ce uffan ba. Da safe na gan shi ya ari galan ɗin.

Akwai wani saurayi a wurin, ɗan gidan ƙira ne amma ya yi karatu a kwalejin kimiyya da fasaha ta Abdu Gusau da ke Mafara. Ya zo da maganaɗisun tsohuwar sifika ɗaure a bakin waya. Ya ce ƙarfe in ya kai wajen digiri 770 maganaɗisu yake sakinsa, kuma da an ɗan ɗara haka lokacin ban ruwa ya yi, saboda haka ba sai an dogara da ido ba. Dattijon ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Mu idonmu ya mutu, ko?" Aka ce a gwada. Aka sa wata wuƙar a wuta, tsoho na zuga yana kallo, can ya ce, "Yanzu!" Yaro ya kai maganaɗisu, ya ƙi kamawa. Tsoho ya ce ya ci, don ido ya riga sifika. Yaro ya ce shi ya ci, don sifika ta gaskata ido. Aka tashi kowa na cewa gwaninsa ne a sama. Washegari da hantsi na ji dattijon ya ja yaron gefe yana tambayarsa a hankali inda ake samun irin abin nan, wai ba don kansa ba, don jikokinsa da waya ta cinye wa ido. Shekara nawa za a yi kafin wannan magana ta shiga tsakaninsu in kowa na rumfarsa?

Yanzu kai, Alhaji mai yawan hattara. Ka dafe ƙirji ka ce, "Taron masu wuƙa, a Zamfara, a wannan zamani?" Ban raina tsoronka ba. Duk mai bin hanyoyin Maradun da Bakura a 'yan shekarun nan da addu'a yake fita, da hamdala yake dawowa. Ban kuma ce duk mai riƙe da masaba waliyyi ne ba, kowace sana'a da ɓatagarinta. Amma waɗanda suka hana mu barci ba da barho suke zuwa ba, abin da ke rataye a kafaɗarsu ba a buga shi kan uwar maƙera da gawayin ƙirya. Na leƙa buhunan da aka sauke a rumfar nan, lauje da kalme da fartanya sun fi wuƙa yawa nesa ba kusa ba. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Bakolori a 1978, fadamun Mafara da Bakura da Maradun suke shan shinkafa, kuma mafi yawanta da lauje ake yanke ta, damƙa bayan damƙa. A 2021 da aka rufe kasuwannin mako aka katse layukan waya saboda tsaro, maƙeri ya rasa inda zai baje kaya, manomi ya rasa inda zai sayi bakin fartanya. Shinkafar da ka yi wa lodi biyu jiya da daddare, Alhaji, sai da ta bi ta bakin abin da kake tsoro kafin ta iso farantinka.

Allah gafarta Malam, kai kuma wasan wuta ne ya tsaya maka a rai. An yi shi, ba zan ɓoye ba. Lahadi da la'asar makaɗa suka kafa dundufa, kiɗan maƙera ke nan, samari suka shiga fili suna zaro jan ƙarfe daga wuta suna wasa da shi a hannu, mata na guɗa daga bakin zaure. Hukuncinsa na bar maka, kai ke da littattafai. Ita dai sana'ar ba ta da abin kunya, Malam ya fi ni sanin sunan sura ta 57, ya kuma fi ni sanin Annabin da aka tausasa wa ƙarfe. In kuma ana zargin an ba ni wani abu na sha, ga yatsana nan shaida. A filin wasan, jan ƙarfe ko kusa da shi ban je ba. Wani guntu ne na gani yashe a ƙasa, baƙi ƙirin, na ce bari in yi abin kirki in kawar da shi daga hanya. Ihun da na yi har makaɗa sai da suka tsaya. Dattijon ya tsoma mini hannu a ruwa yana dariya, ya ce, "Ja ba ya cin baƙo, kowa na tsoron shi. Baƙi shi ka cin baƙo."

Hudar riga kuwa tartsatsi ne, lokacin da aka ba ni masaba in gwada. Wuƙa na nufa. Abin da ya fito, an daɗe ana shawara a kansa, wasu suka ce cokali, wasu suka ce maburgi, daga ƙarshe aka yanke cewa in tafi da shi in riƙa sosa baya.

Abokina Buzu, kai ban ga laifinka ba. Tsakaninka da maƙera wasa ne tun kaka da kakanni, da ka yabe su ma da na ce ba ka da lafiya. Sai dai takobin da kake taƙama da shi, ko da ruwansa daga Solingen ta Jamus ya ƙetaro hamada kamar yadda da yawa suka yi, maƙeri ne ya yi masa mariƙi, baduku ya ɗinka masa kube. Kai ratayawa kawai ka iya.

Na ƙarshe shi ne mutumin Kano, wanda bai yi dariya ba, bai yi tsoro ba, tambaya ɗaya ya yi: "Nawa ake samu?" Ranka ya daɗe, kai ne bai kamata ka tambaya ba. Labarin da ake bayarwa a garinku shi ne tama ce ta jawo maƙera daga Gaya zuwa gindin Dala, har ana cewa sunan ɗayansu birnin ya ci. A Gayar nan dai aka ce Bayajidda ya tsaya maƙera suka yi masa wuƙar da ya kashe macijiya da ita a Daura. Ka lura da abu ɗaya. Yaron firamare ya san sunan rijiyar, Kusugu. Ya san sunan sarauniyar, Daurama. Har macijiyar an riƙe sunanta, Sarki. Wanda ya yi wa wuƙar ban ruwa fa? Maƙera, shi ke nan.

Ga inda ni ma na juya na zolayi masu masaukina. Wuƙa dozin nawa na juya a rumfar nan, ban ga ko ɗaya da alamar mai ita ba. Maƙerin Amurka in ya ci jarrabawarsa, haruffa biyu ake ba shi izinin bugawa a jikin wuƙa kusa da sunansa, kuma wannan tambari yana ƙara mata daraja a kasuwa. Mu kuwa ranar Talata a kasuwar Mafara, aikin gwani da na ɗan koyo a tabarma ɗaya suke kwance, kuɗi ɗaya, mai saye na lalube. In ta yi kyau a ce an yi sa'a, in ta karye a ce aikin maƙera ke nan. Na faɗa wa dattijon haka. Ya ce shi ko cikin duhu ya shafa ya san aikinsa. Na ce, "Baba, kai ka sani. Mai saye fa, da ya zo daga Gusau, in ta yi mashi daɗi wa zai nema baɗi?" Ya yi shiru yana tauna goro. Da zan tafi na zaɓi wuƙa ɗaya na biya, ya ce in dakata. Ya ɗauko wani ɗan ƙarfe mai tsini, ya aza a gadon bayanta kusa da ƙota inda ƙarfen ke da laushi, ya buga ɗigo uku a jere. Ya ce, "To ga ta nan. In ta ba ka kunya, ka san ƙofar gida."

Saura ku. Na san halinku sarai. Ranar jajibirin Babbar Sallah, bayan an ɗaure rago a ƙofar gida ana ta ɗaukar hoto, sai a tuna babu abin yanka. Yallaɓai zai naɗe tsohuwar wuƙarsa a jarida ya tafi bin layi wurin mai washi, ya tarar da Alhaji mai hattara ya riga shi. Hajiya za ta buɗe kwalin Dubai ta duba, ta mayar ta rufe. Da safe bayan an sauko Idi zan ji sallamar yaro a zaure: "Wai in ji Baba, a ara masa wuƙar nan mai ɗigo uku."

Zan bayar, ni ba marowaci ba ne. Amma sai mai aiken ya tako da ƙafarsa, ya tsaya a majalisar da ya yi mini dariya, ya faɗi sunan garin da aka ƙera ta da ƙarfi yadda na bakin titi zai ji. In an gama fiɗa kuma a wanke ta, a goge ta ta bushe, a shafa mata ɗan man gyaɗa kafin a dawo da ita, don maganar Hajiya kan tsatsa gaskiya ce.